Abin da Kowa Ya Sani

Takardar ta yi kwana huɗu a kan teburin Bang Miran, gurbin hatiminta yana nan fari tas. Injiniya Tak ya buga nasa tun ranar Alhamis. Shugabar kicin ta buga. Har mai kula da direbobi, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba a maganar, ya dangwala nasa ya yi gaba. Saura ita kaɗai, kuma ƙa'idar gidan ita ce muddin ba ta buga ba, ba za a saki Wakili ya fara karɓar odar jama'a ba. Ga Chusok, babban bikin kaka da ake jera wa magabata tebur, saura wata guda.

Sana'ar kamfanin Shugaba Gwak ita ce dafa abincin ranar tunawa da magabata. A da, matan gida ne ke yin kwana biyu a tsaye suna suya har ƙafafunsu su kumbura. Yanzu kowa na zuwa aiki, kowa na zaune a hawa na goma sha wani abu, sai a bugo wa Gwak waya ya aiko da kala ashirin da biyu a kwali, kai dai naka jerawa a tebur da sunkuyawa. Rabin birnin Daegu sun san lambarsa. Kicin yana ƙasa, ofis yana sama, shi ya sa rigar duk wanda ke aiki a nan ba ta rabuwa da ƙamshin man riɗi, ko da bai taɓa riƙe ludayi ba.

Wakili kuwa ba mutum ba ne. Ƙirƙirarriyar basira ce da aka kawo don amsa saƙonnin masu oda. An ba shi kayan aiki goma sha ɗaya: wani na duba abin da kicin zai iya, wani na rajistar kai abinci, wani na sauya lissafin kwanaki, wani na soke oda, haka dai. Shi Wakili ba ya ganin cikin kayan nan. Abin da yake gani kawai 'yan layukan bayani ne da aka rubuta wa kowanne, kamar takardar da ake liƙawa a jikin tulun da aka ɗaure bakinsa. Da su yake sanin wanne zai ɗauka, da yaushe, da abin da zai zuba a ciki. Tak da mutanensa ne ke rubuta layukan. Aikin Miran shi ne ta auna su, ta ce sun yi ko ba su yi ba.

To, Tak ya gaji da jan bironta. Mutum ne mai ƙoƙari, ba a raba shi da wannan, amma irin mutanen nan ne da in ka ce masa igiyar takalminsa ta kwance sai ya kawo maka takardar digirinsa. Sai ya zauna ya haɗa wata na'urar daban mai ba da maki. Tana duba ko bayani ya yi tsawo, ko jimlolinsa sun tsaru, ko an ambaci kowane gurbi da za a cike. Ya zuba mata layukansa, ta ba shi casa'in da bakwai cikin ɗari. Ya buga sakamakon da manyan baƙaƙe ya liƙa kusa da tukunyar shayi, inda Miran ba ta da hanyar kauce masa.

Ranar Litinin da hantsi Shugaba Gwak ya kira su biyun ofishinsa. Yana tsaye yana ba kifayen gilashinsa abinci, bai ko juyo ba.

"Malama Bang, na'ura ta ce casa'in da bakwai. Ke nawa kika ce?"

"Ni ban ba da maki ba, ranka ya daɗe. Na dai ce ba zan aiki baƙo da wannan takardar ba."

Tak ya yi 'yar dariya ta hanci. "Baƙo? Malama, abin da ya haddace littattafan duniya kike kira baƙo? Gwaji ɗari biyu muka yi masa, bai faɗi ko ɗaya ba."

"Ya haddace na duniya, Injiniya. Bai haddace na gidan nan ba."

"To ina kuskuren? Nuna min layin."

"Babu kuskure a abin da ka rubuta. Abin da ba ka rubuta ba nake tsoro."

"Ka ji ko, Shugaba? Yanzu kuma har iska za a yi wa jan biro."

Gwak ya karkaɗe hannuwansa ya juyo. Tsohon mai tuya ne a kasuwa kafin ya zama mai kamfani, har yanzu akwai tabon mai a bayan hannunsa, kuma bai yarda da abin da bai gani da idonsa ba.

"Kin san ina girmama ki," ya ce. "Amma ba zan ajiye ma'auni biyu a shago ɗaya ba. Na ba ki zuwa Juma'a da safe. In kin nuna min ɓarakar da idona, kujerarki tana nan, na'urar Tak ta koma gefe. In ba ki nuna ba, ki buga hatimin, mu rufe teburin tantancewa. Akwai gurbi a sashen amsa ƙorafi."

Miran ta sunkuya ta fito. Gaskiya ke nan, a lokacin ba ta da hujja ko ɗaya a hannu. Abin da take da shi kawai wani tsohon ciwo ne da ke motsawa duk sanda ta karanta layukan Tak.

Shekara goma sha tara da suka wuce ta shigo gidan Gwon a matsayin matar babban ɗa. Ita 'yar limamin coci ce, a gidansu ba a taɓa jera wa mamaci tebur ba, sai ga ta a gidan da ake yi sau takwas a shekara. Watanta biyu da aure ranar kakan mijinta ta zo. Surukarta za ta tashar jirgi taryen dangi, sai ta bar mata 'yar takarda a jikin firji: "Ganye kala uku. Miya. Kifi. Kamar yadda aka saba." Miran ta zage damtse. Ta so a ce amarya ta iya, don haka ta daka tafarnuwa mai yawa, ta barbaɗa jan barkono, ta yi girkin da ko uwarta sai ta yaba. Da aka zo jerawa, ƙanin surukinta ya shinshina kwano ɗaya, ya ajiye a hankali. Ba a sa wa magabata tafarnuwa da barkono. Aka kwashe girkin gaba ɗaya aka yi bayan gida da shi, matan dangi suka sake sabo cikin gaggawa, ita kuma tana tsaye jikin bango da tsumma a hannu, ba wanda ya ce ta matso. Da ta samu bakin magana ta ce ai ba a rubuta ba, surukar ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Kowa ya san wannan ai."

Tun daga ranar Miran ba ta sake kuskure a teburin nan ba. Ita da surukar suna zaman lafiya, har ana misali da su a cikin dangi. Amma kalmomin nan biyar ba su taɓa barin kunnenta ba.

Ta koma teburinta ta buɗe bayanan, ta yi abin da ta saba: ta manta duk abin da ta sani game da kamfanin, ta karanta kamar yarinyar nan da ke tsaye gaban firji. Na rajista ya ce: "Yana yin rajistar kai abinci. A shigar da ranar tunawa da mamaci, da adireshi, da girman tebur." Tsaf, ba ƙari ba ragi. Na sauya lissafi ya ce: "Yana sauya rana daga wani lissafi zuwa wani." Ta karanta su sau uku, sai ta ajiye biro.

Wace rana? A gidan Gwon, da duk gidan da ke da tsofaffi, ranar mamaci da lissafin farin wata ake riƙe ta. Kayan rajistar kuwa lissafin kalanda kaɗai ya sani, duk lambar da ka ba shi haka zai ɗauke ta. 'Yan matan da ke amsa waya a ƙasa ba a taɓa gaya musu su tambaya ba, domin da shi suka tashi, hannunsu na kan jadawalin sauyawa kafin tsohuwa ta rufe baki. Su ma suka san abinci jajibere ake kai shi, ba ranar ba. Tak ya sani. Mutanensa sun sani. Saboda kowa ya sani, ba wanda ya ga gurbin da aka bari.

Ta buɗe gwaje-gwajen nan ɗari biyu. Samarin injiniyoyi ne suka rubuta su, kowanne da shekara da wata da rana a jere kamar takardar asibiti. Ba tsohuwar da ke magana haka a faɗin Daegu. Amma in ta rubuta nata gwajin, Tak zai ce ita ta ƙirƙiro tarkon. Sai ta nemo bakin masu odar da kansu.

Ranar Talata da rana ta sayi wainar shinkafa kwali biyu ta nufi zauren tsofaffi na unguwar surukarta. Ta same su su tara a kan tabarma mai ɗumi suna buga kati, fanka na juyawa, talabijin na ta surutu ba mai kallo.

"Maman Sori?" surukar ta ce, tana leƙo ta saman tabarau. Da sunan 'yarta take kiranta. "Lafiya da tsakar rana? Ko an kore ki?"

"Saura ƙiris, Inna. Taimako na zo nema."

"Ku ji min," in ji tsohuwa Malsun, wadda ta fi kowa baki a zauren. "Mai digiri ta zo neman taimakon jahilai. Buɗe kwalin tukuna mu ga girman taimakon."

Suna ci Miran ta yi musu bayani. Kowacce ta ɗauka tana odar abincin ranar mijinta, ko surukinta, ko uwarta, ta faɗa yadda za ta faɗa a waya, ba gyara. Ita za ta rubuta kalma da kalma.

"Na tsohon nan nawa, sha tara ga watan goma," wata ta ce. "Ƙaramin tebur, ba mai yawan ci ba ne."

"Na uwar mijina, kwana uku bayan Chusok. A cika tebur, mai ƙorafi ce ko a can."

"Nawa a watan ƙari ya rasu, watan da sai an yi shekaru yake zagayowa, don ya wahalar da ni har bayan ransa."

Malsun ta lashe yatsa. "Rubuta nawa. Babban tebur, da kifin dombegi yanka uku."

"Kaka, ai mijinki yana nan da rai. Na gan shi a ƙofa yana shan iska."

"Na sani. Ki dai rubuta, a zama cikin shiri."

Zaure ya kaure da dariya, Miran ta rubuta shi ma, na arba'in. Surukarta ce kaɗai ba ta yi dariya sosai ba. Ta tattara katinta tana kallon littafin da ke kan cinyar Miran.

"To shi wannan abin naku na cikin waya, har sai an gaya masa lissafin wata ne? Ba ku ce ya fi malaman jami'a ilimi ba?"

"Ya san lissafin wata, Inna, ya fi ni sani. Abin da bai sani ba shi ne yadda gidanmu yake so a yi. Takarda aka bar masa, aka ce shigar da rana. Ba a ce wace ba."

"Bai iya tambaya ba?"

"Ba a gaya masa akwai abin tambaya ba. Baƙo ko da ido makaho ne."

Tsohuwar ta kalle ta. Sannan ta mayar da idonta kan kati ta ce wa Malsun, "Ke, naki ne, kina ɓata mana lokaci." Miran ta ji kunya ta kama ta, domin ba da nufin gugar zana ta faɗa ba, ko kuma dai ba duka ba.

Laraba da Alhamis ta yi su a kan tebur. Tak ya aiko mata da saƙo cewa ba ta da izinin taɓa ko waya ɗaya a cikin injin. Ta amsa masa da godiya, ta ce ba ta bukata. Wakili ɗaya, kayan aiki ɗaya, oda arba'in iri ɗaya, kalmomin bayani kaɗai za ta canza. Ta rubuta ta goge ya fi sau goma. Na farko da ta rubuta ya sa Wakili tambayar kowa lissafin da yake nufi, har wanda ya faɗa da bakinsa, ta ga wannan zai sa tsofaffi su kashe waya. Ta gyara. A ƙarshe bayanin rajista ya zama haka:

"Yana yin rajistar kai abinci. Lissafin kalanda kaɗai yake karɓa, kuma ba ya sauya komai da kansa. Yawancin iyalai da lissafin farin wata suke faɗin ranar mamacinsu. In mai oda bai faɗi lissafin da yake nufi ba, tambaye shi sau ɗaya kafin ka taɓa wannan. In na wata ne, fara da kayan sauya lissafi. Ranar da za ka shigar ita ce ta kai abinci, wato jajibere, ba ranar tunawar ba. Kada ka yi rajista da zato."

Na sauya lissafi ma ta ƙara masa layi uku, har da maganar watan ƙari. Sauran tara ba ta taɓa su ba.

Juma'a da safe aka taru a ɗakin taro. Gwak a kan gaba, Tak a damansa da hannu a harɗe, shugabar kicin ta hawo da rigar aikinta, 'yan matan waya biyu sun tsaya bakin ƙofa wai sun kawo shayi. Miran ta raba allon bango gida biyu, hagu da bayanin Tak, dama da nata. Ta ce odar daga bakin tsofaffin unguwar surukarta take, ga sunayensu ga lambobinsu ga duk mai son bincike. Sannan ta danna.

Aka zuba ido ana kallon layuka suna sauka. A hagu kore da ja suka riƙa gauraya. A dama kore ne yake bin kore. Da aka kai ƙarshe, hagu ya ci ashirin da uku, ya zubar da sha bakwai. Dama ya ci talatin da tara, na arba'in ya tsaya ba launi.

"Ga shi nan," Tak ya ce da sauri. "Naki ma ya maƙale."

Miran ta buɗe shi. Odar Malsun ce. Wakili ya rubuta cikin ladabi cewa tunda maigidan yana raye, ba shi da ranar da zai shigar, yana kuma yi masa fatan tsawon rai. Shugabar kicin ta toshe baki da rigarta, kafaɗunta na rawa.

Tak bai yi dariya ba. Kunnuwansa sun yi ja. "Shugaba, zaɓaɓɓun tambayoyi ne. Kowa zai iya tara tsofaffi tara su ruɗa na'ura. Ni ɗari biyu na gwada. Kuma na saka sabon bayanin nata a na'urar maki jiya, tamanin da ɗaya ya ci. Ya yi tsawo, akwai maimaici."

Gwak ya murza tabon hannunsa. Sai ya ce, "Miƙo min abin bugawar nan."

Da yatsa biyu yake rubutu, kamar kaza na tsince hatsi, kowa na karantawa a allo. Bai tsaya tunani ba, abin da ke bakinsa tun yana saurayi ya rubuta: "Na Baba, uku ga watan takwas, babban tebur, a sa dombegi biyu." Ya aika wa ɓangaren hagu.

Amsa ta zo nan take, da fara'arta. An yi rajista, ta ce, za a kawo babban tebur ranar uku ga Agusta na baɗi, muna godiya da kuka zaɓe mu.

Kowa a ɗakin ya san ranar mahaifin Shugaba saura ƙasa da mako uku, domin duk shekara shi da kansa yake saukowa kicin ya yanka kifin. Gwak ya karanta amsar har ƙarshe, har da godiyar. Fuskarsa ta yi wani iri. A ransa yana ganin 'yan'uwansa biyar da 'ya'yansu tsaye gaban tebur wayam, Miran ta san haka, domin ita ma ta taɓa tsayawa a irin ɗakin.

"Baɗi," ya ce a hankali. "Tsoho zai yi wata goma sha ɗaya da yunwa."

Ya sake buga kalmomin nan, bai canza ko ɗaya ba, ya aika wa dama. Wakili ya tambaye shi: uku ga watan takwas na farin wata ne ko na kalanda? Gwak ya rubuta, na wata. Sai amsa ta zo cewa bana ranar ta faɗo ashirin da huɗu ga Satumba, za a kawo abincin ranar ashirin da uku da rana, dombegi biyu, ko haka ya yi?

Gwak ya ture abin bugawar. Ya juya wajen Tak.

"Injiniya, wannan na'urar makin taka, ta taɓa binne uba?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Nawa ta ba na hagu?"

"Casa'in da bakwai."

"To ka je ka ciro takardar nan daga wajen tukunyar shayi, ka ajiye a aljihunka, ka riƙa dubawa."

Wata daga cikin 'yan matan waya ta fara tafi, sai ta tuna matsayinta ta tsaya, amma shugabar kicin ta karɓe ta ci gaba, ɗaki ya ɗauka. Miran ta zauna a miƙe, hannuwanta a kan gwiwa. Daɗi ne ya cika mata ƙirji har tana jin zai fasa maɓallin rigarta, kuma ba ta yi ƙoƙarin ɓoye shi ba. Shekara goma sha tara tana jiran a tsaya a gaban jama'a a yarda cewa wani lokaci laifin na mai rubutu ne.

Aka bugo sabuwar takarda mai ɗauke da bayaninta. Ta buɗe 'yar jakar hatimi, ta dangwala a jan tawada, ta danna a gurbinta da dukkan ƙarfin hannunta, har tebur ya yi ƙara. Gwak ya ce daga yau ba layin da zai isa gaban Wakili sai ya bi ta teburin Malama Bang, kuma gwajin da za a riƙa yi daga bakin masu oda za a ɗebo shi.

Tak ya same ta a baranda bayan an watse. Ya tsaya yana susar ƙeya.

"Kakata ma da lissafin wata muke yi mata," ya ce. "Ni nake tuƙa iyayena can duk shekara. Ban san yadda aka yi ban gani ba."

"Don ka sani ne ba ka gani ba."

Ya gyaɗa kai. "Sauran taran fa? Na soke oda yana ɗan damuna yanzu. Ban rubuta cewa in an soke ba a dawowa ba."

"Kawo su bayan cin abincin rana. Ka taho da jan biro, nawa ya kusa ƙarewa."

Ranar Lahadi suka je gaida surukarta kamar yadda suka saba. Mijinta da Sori suka fita sayen kankana, aka bar su biyu a kicin suna gyaran wake. Tsohuwar ta riga ta ji labari, domin Malsun ta baza shi a unguwa, tana cewa odarta ce ta ceci kamfani. Surukar dai ta ci gaba da tsintar wake. Can sai ta goge hannu, ta shiga ɗaki, ta fito da wani littafin makaranta mai shuɗin bango ta ajiye a gaban Miran.

"Jikana na garin Pohang zai kawo amarya bayan Chusok. An ce gidansu ba sa jera tebur. Duba min wannan, tunda aikinki ne. Nawa na ci?"

Miran ta buɗe. Shafi shida ne, da rubutun tsohuwa mai karkata, an danna biro har ya fito ta baya. Layin farko, an ja masa layi biyu a ƙasa, ya ce: kada a sa tafarnuwa, kada a sa jan barkono. Ta karanta har ƙarshe a tsanake, yadda take karanta na ofis. Komai na nan, inda kan kifi ke kallo, kwanon da ba a taɓawa, sunayen mamata takwas da ranakunsu.

"Ya yi kyau ƙwarai, Inna. Saura abu ɗaya. Ranakun nan, ba ki rubuta ko na farin wata ne ko na kalanda ba."

Tsohuwar ta zaro ido. "Haba, Maman Sori. Ai kowa ya s..."

Ta tsaya da bakinta a buɗe. Suka kalli juna. Sai ta miƙa hannu, Miran ta ciro jan biro daga jaka ta ba ta. Ta gyara tabarau, ta sunkuya, ta rubuta "na farin wata" a gaban kowane suna, sau takwas, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

"To buga min abin nan naki," ta ce, ta turo littafin.

Miran ta fito da hatimin. Tana cikin dangwalawa a tawada tsohuwar ta ja kwanon wake gabanta ta ci gaba da tsinta, ba ta ɗago kai ba.

"Ganyen nan naki na waccan shekarar," ta ce. "Na ɗanɗana a bayan gida kafin a zubar. Ya yi daɗi."

Miran ta danna hatimin a ƙasan shafi na shida, ta hura masa iska ya bushe, sannan ta jawo nata kwanon.